Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Sharhi Kan Waƙar Hausa a Zamanin Dunƙulewar Duniya

1.0 Gabatarwa

Duk inda dattawa suka zauna aka taɓo zancen waƙoƙin zamani, hukuncin da ake yankewa ɗaya ne, wato yara sun lalace, Indiya da Turai sun cinye mana al'ada. Ni ma na daɗe ina cikin masu faɗin haka, a aji da kuma a majalisa. Wani abu ne da ya same ni ya sa na dawo na sake auna maganar.

A shekarar 2022 aka yi bikin 'yar ƙanena a Kano, aka shirya liyafa a wani ɗakin taro. Da na isa bakin ƙofa sai na tarar da wani tsoho rataye da kalangu, shi da yaro guda, masu gadi sun hana su shiga saboda ba su da katin gayyata. Na shaida shi, domin shi ya yi kiɗan bikina. Yana hango ni sai ya matse kalangun a hammata ya saki taken kakanmu. Nan take tsigar jikina ta tashi. Na juya na tambayi ɗana da ke kusa da ni ko ya ji abin da kalangun ya ce, sai ya amsa mini da cewa, "Baba, ai kiɗa ne kawai." Na ba tsohon abin da ya sawwaƙa, na shige ciki inda wani matashi yake sako waƙoƙi daga kwamfuta. Ina da ikon in ce a bar shi ya shiga, amma ban ce ba, don gudun kada surukai su ce mun kawo musu ƙauyanci.

Wannan sharhi zai duba yadda dunƙulewar duniya ta sauya kiɗa da waƙar Hausa, da abin da muka samu, da abin da muka rasa, da kuma wanda ya kamata a tuhuma. Ra'ayina a taƙaice shi ne, aro bai taɓa kashe al'adar Bahaushe ba. Abin da yake kashe ta shi ne aron da ba a sarrafa ba, da kuma rainin da mu da kanmu muka yi wa masu riƙe da sana'ar.

2.0 Aro Ba Baƙo Ba Ne a Ƙasar Hausa

Kafin a zargi zamani, yana da kyau a tuna cewa yawancin abubuwan da muke kira namu na gado baƙi ne da suka zauna har suka zama 'yan gari. Mu fara da tukunya. Barkono da tumatir da rogo da gyaɗa da masara duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne. Gyaɗar da Kano ta yi suna da dalarta bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 ba a nan aka fara shuka ta ba, amma matan Hausa ne suka fitar da ƙuli-ƙuli da tunkuza daga cikinta. Gurasa da alkubus sunayensu ma sun isa shaida cewa daga Larabawa suka zo, amma yau wa zai ce wa Bakano gurasa ba tasa ba ce?

Haka abin yake a fagen kiɗa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya shigo da su fada. Algaita sunanta na Larabci ne, ta hanyar Sahara ta iso mu. Bandiri ma haka, 'yan ɗariƙar Ƙadiriyya ne suka raya shi a Kano. Ke nan fadar da muke kallo a matsayin ma'ajiyar al'ada cike take da kayan aro.

Sai dai akwai abin lura a nan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙi sai da aka koya masa Hausa kafin aka ba shi wurin zama. Kakaki yana kiran sarki da kirarinsa. Algaita tana busa take. An sanya kowannensu a hannun wani gida, uba yana koya wa ɗa, aka yi masa ƙa'ida da lokacin da ake amfani da shi. Wannan shi ne ma'aunin da zan ɗora fiyano a kai: shin mun koya masa Hausa, ko kuwa shi ne yake koya mana tasa?

3.0 Yadda Fiyano Ya Shigo

Hanyar da baƙin sauti ya bi ya shigo kunnen Bahaushe doguwa ce. Tun kafin samun 'yancin kai 'yan kasuwa Kwarori suke kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos da sauran birane. Daga baya gidajen talabijin suka ɗora, har ta kai yaron da bai san kalmar Indiyanci ko ɗaya ba yana iya rera waƙar fim daga farko har ƙarshe. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge sun ɗauki karin wasu waƙoƙin Indiya sun ɗora a kan goge. Sha'irai ma ba a bar su a baya ba, domin an samu ƙungiyar masu bege da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda suke ɗaukar karin waƙar fim su zuba yabon Annabi (SAW) a kai.

Babban sauyi ya zo ne da finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda aka fara da Turmin Danya a 1990. Masu shirya fim sun ga cewa 'yan kallo sun saba da rawa da waƙa irin ta Indiya, ga shi kuma ɗaukar makaɗi da yaransa yana da tsada da wahala. Sai aka koma ga fiyano samfurin Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a situdiyo ya fitar da sautin ganga da sarewa da goge daga cikinsa. Karɓuwar da fim ɗin Sangaya ya samu a 1999 ta tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce take sayar da kaset. Daga nan aka samu abin da ake kira waƙoƙin nanaye, namiji da mace suna yi wa juna amshi a kan soyayya.

A dubi wannan haɗi da kyau: na'ura daga Japan, kari daga Indiya, kalmomi daga Hausa, kasuwa a Ƙofar Wambai. Wannan ita ce dunƙulewar duniya a aikace. Bayan kaset sai faifan CD, sai wayar hannu da masu tura waƙa a bakin titi, sai kuma YouTube da TikTok. A 2020, lokacin kullen annobar korona, waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta zagaye gidajen Hausawa cikin 'yan kwanaki ta hanyar wayoyi, abin da a da sai makaɗi ya shekara yana yawon gari-gari kafin ya samu.

4.0 Auna Sabuwar Waƙa

Ba daidai ba ne mai sharhi ya ce abu ba shi da kyau don kawai bai saba da shi ba. Saboda haka zan kawo ma'aunai uku da kowane malamin Hausa zai iya gwadawa a ajinsa.

4.1 Harshe

Waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, a kan nauyin gaɓa aka gina ta. Akwai gaɓa mai nauyi, akwai marar nauyi, kuma tsawon wasali yana sauya ma'ana. Garin da ake zama a ciki daban yake da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Fasa tulu daban, fasa tafiya daban. Haka nan hawa da saukar murya: kukan yaro ba kukar miya ba ce, wuyan riga kuma ba wuyar rayuwa ba ce. Makaɗin gargajiya da kalma yake farawa, sannan kiɗa ya bi ta. Shi ya sa idan ka saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo za ka ji kamar magana suke yi wadda aka ɗan ɗaga, kowace kalma tana zaune a mazauninta. Ban ce ba sa taɓa lanƙwasa kalma don kiɗa ya zauna ba, amma da saninsu suke yi, kuma ba ya yawa.

Mai waƙar da ya ari kari daga wani harshe kuwa, aikinsa a juye yake. An riga an ɗinka rigar, sai a nemo wanda za a cusa a ciki. Idan karin ya buƙaci a ja, sai a ja gajeren wasali. Idan ya buƙaci a sauka, sai a saukar da kalmar da ya kamata ta hau. Sau da yawa nakan ji baiti sai na maimaita shi sau biyu ko uku kafin in gane cewa Hausa ake yi. Daɗin daɗawa, neman amsa-amo ko ta halin ƙaƙa ya sa ana jero kalmomin da ba su da dangantaka da juna, in dai ƙarshensu ya yi daidai. Ga kuma na'urar gyaran murya, wadda take goge bambancin da ke tsakanin muryar wannan da ta wancan. A da, daga jin gyaran murya ka san Shata ne ko Ɗan Anace. Yau sai ka saurari mawaƙa biyar ka ɗauka mutum ɗaya ne.

4.2 Kiɗa Mai Magana

Wannan shi ne rashi mafi girma a ganina, kuma shi ne wanda ba a cika ambata ba. Kayan kiɗan Hausa da yawa magana suke yi. Makaɗin kalangu yana matse igiyoyin yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka daidai da yadda muryar mutum take yi, har mai saurare ya tsinci kalmomi. Da haka ake yi wa mutum take, a kira shi da sunan kakansa a tsakiyar taro ba tare da an buɗe baki ba. Bugu da ƙari, kowane rukunin jama'a da nasa kiɗan: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi na fada, tambari na sarki, ƙwarya da shantu na mata a cikin gida. Mutum yana daga ɗaki zai ji kiɗa ya san ko su wane ne suke da sha'ani.

Fiyano yana iya kwaikwayon amon kalangu, amma ba ya iya faɗin take. Abin da aka adana a cikinsa bugu ne da ake maimaitawa ba sauyi daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ba ya ganin wanda ya shigo fili balle ya sauya hannu dominsa. Saboda haka kiɗan da ake sa wa ɗan sarki ranar aurensa shi ake sa wa ɗan mahauci da ɗan malam. Wani zai ce ai wannan daidaito ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. To amma a lura, yaron da bai taɓa jin ganga ta yi magana ba ya rasa wani sashe na harshensa, kamar yadda ɗana ya rasa a bakin ƙofar nan. Take ma'ajiyar tarihin gida ne. Ranar da makaɗi na ƙarshe da ya san taken gidanku ya kwanta dama, wannan babi ya rufe, domin ba a rubuce yake ba.

Abin ya yi kama da abin da ya faru a tukunya. Ɗanɗanon daddawa yakan bambanta daga gari zuwa gari, har daga hannun wannan tsohuwa zuwa na waccan. Da dunƙulen Maggi ya shigo, aiki ya yi sauƙi, amma miyar Kano da ta Legas suka kama hanyar zama ɗaya.

4.3 Jigo

Idan aka tattara waƙoƙin makaɗan ƙarni na ashirin za a ga rayuwar Bahaushe gaba ɗayanta a ciki: noma da fawa da ƙira da farauta da dambe da sarauta da fatauci da zaman aure. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, ya sa jama'a suka dubi mutumin da ba wanda yake kallo. Barmani Choge ta yi wa matan kulle magana a kan sana'a da kishi da haihuwa, da harshen da su kansu suke amfani da shi. Ga zambo da habaici, waɗanda suke sa mai mulki ya yi taka-tsantsan.

Waƙar fiyano kuwa, in aka cire bege, mafi yawanta a kan abu uku take zagayawa: soyayya, da yabon amarya da ango, da tallan ɗan siyasa. Dalilin a fili yake, nan ne kuɗi yake. Soyayyar ma sau da yawa ba irin tamu ba ce, domin siffofin da ake kawowa na furanni da lambu da hawaye daga fim aka kwaso su. Da wuya ka ji an ambaci dandali ko zance a zaure ko tsoron surukai. Masu magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

5.0 Alherin da Sabon Kiɗa Ya Kawo

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Na farko, fiyano ya buɗe ƙofar waƙa ga wanda bai gada ba. Matasa masu ilmin boko da na Arabiyya, maza da mata, waɗanda iyayensu ba za su taɓa yarda su rataya ganga ba, sun samu hanyar fitar da basirarsu da kuma abin rufin asiri. Na biyu, akwai waɗanda suka nuna cewa ana iya koya wa fiyano ladabi. Aminu Ladan Abubakar (Alan Waƙa) misali ne: da yake ya fito daga fagen rubutu, baitinsa yakan zo a tsare, kalma tana gaba kiɗa yana biye, kuma yakan taɓo ilmi da tarihi da halin zaman jama'a. Wannan ya nuna cewa matsalar ba a jikin na'urar kaɗai take ba, tana ga wanda ya zauna a gabanta.

Na uku, hanyar da ta kawo mana baƙin sauti ita ce kuma ta adana mana namu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, amma yau ɗalibi yana iya sauraron su a wayarsa a duk lokacin da ya so. Bahaushen Kumasi da na Sudan da na Makka suna jin waƙa ranar da ta fito a Kano. Harshen Hausa bai taɓa yin nisan da ya yi a yanzu ba, kuma mawaƙan zamani suna da kaso a wannan nasara.

6.0 Laifin Wane Ne?

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tun kafin a ƙera fiyano, wane matsayi muka ba makaɗi? Muna son kiɗansa, muna yi masa kari, amma muna kiran sa maroƙi, muna ajiye shi a ƙasan tsanin jama'a. Mutum nawa ne a cikinmu za su ba ɗan makaɗi auren 'yarsu ba tare da dangi sun yi taro ba? Gaskiya ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, amma mai kalangun unguwa bai ga sauyi a yadda ake kallon sa ba. To don me ɗansa zai gaji sana'ar da ba ta jawo masa komai sai raini, alhali yana ganin sa'ansa da ke situdiyo ana kiran sa fasihi?

Haka kuma, lokacin da hukumomi suka tashi gyara, musamman bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, hankali ya fi karkata ga sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata. Waɗannan abubuwa ne masu muhimmanci ga tarbiyya, ba musu. Amma ba a samu wanda ya tsaya a kan ingancin harshe ko makomar kayan kiɗa ba. Mu malamai ma muna da namu kason. Muna koyar da waƙar baka a kan allo, muna rubuta gindin waƙa da ɗiyanta, muna sa yara su haddace ma'anar zuga da kirari don cin jarrabawa, amma yaro yakan gama sakandare bai taɓa ganin kotso da idonsa ba. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi aiki mai yawa a wannan fage, sai dai aikin ya fi zama a jami'a, bai gangaro aji ba.

7.0 Shawarwari

Ba hani nake kira a yi ba, domin an gwada hani bai hana komai ba, kuma ba wanda ya isa ya tare iska da tafin hannu. Abin da nake gani mai yiwuwa ne shi ne kamar haka:

(a) Kowane malamin Hausa ya gayyaci makaɗin garinsu zuwa aji ko da sau ɗaya ne a zango, ya kaɗa take yara su yi ƙoƙarin fassarawa, kuma a zaunar da shi a kujera a matsayin malami, a sallame shi sallamar malami.

(b) A riƙa kawo waƙar zamani aji tare da ta gargajiya, a sa ɗalibai su auna su da ma'aunan nan uku. Yaron da aka koya wa auna waƙa ya fi wanda aka hana saurare tsira.

(c) Hukumomin tarihi da al'adu na jihohi su bi gunduma-gunduma su naɗi taken gidaje da na sana'o'i daga bakin tsofaffin makaɗa, a rubuta kalmomin kowane take da sunan mai shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu wannan ilmi ƙarewa suke yi.

(d) Masu situdiyo su riƙa ɗaukar makaɗa na gaske suna haɗa hannunsu da na'ura, a biya su, a kuma ambaci sunayensu.

(e) Dattawa, idan ana sha'ani a gidajenmu, a ware wa makaɗin gida lokacinsa da wurin zamansa, ko da matasa za su yi nasu daga baya.

8.0 Kammalawa

An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma ba mai musun haka. Kakanninmu sun karɓi kakaki da algaita da bandiri, amma ba su bar su sun zauna a matsayin baƙi ba, sai da suka sa su suka yi Hausa. Fiyano ya shekara kusan talatin a tsakaninmu, har yanzu a hannun mafi yawan masu amfani da shi harshen da ya zo da shi yake yi. Aikin da ya rage mana shi ne mu haɗa matashin situdiyo da tsohon makaɗi tun ana tare, ɗaya ya kawo na'ura, ɗaya ya kawo harshe.

Ni dai na fara da kaina. Bayan bikin nan na nemi gidan tsohon na ba shi haƙuri, na kuma tafi da ɗana. Ya kaɗa masa taken kakanmu a hankali har sau uku yana faɗa masa kalmomin, a na huɗu yaron ya tsince su da kansa. Allah Ya sa mu gyara, Ya jiƙan magabatanmu, amin.